Yadda Ake Bibiyar Ƙwarin Inabi Daga Ranar Aski Har Zuwa Yanka

Duk mai rumfar inabi a ƙasar Zazzau, daga Hunkuyi da ƙauyukan Kudan har zuwa lambunan gefen Zariya, kalanda biyu gare shi. Akwai wadda ke rataye a bango, akwai kuma wadda ke fara ƙirga daga ranar da ya sa almakashi ya yi wa kuranga aski. Ƙwari da ta biyun suke aiki. Inabi a ƙasarmu ba ya barcin sanyi irin na Turai, inda ganye ke zuba da kansa komai ya tsaya cik na watanni. A nan manomi ne ke tilasta masa sabon toho da aski da ban ruwa, saboda haka ƙwaro ma ba ya haɗuwa da sanyin da zai karya shi. Yana nan shekara zagaye, sai dai ya yi yawa ko ya ragu. Abu biyu ne ke juya yawansa: halin da kurangar ke ciki, ko toho take, ko fure, ko 'ya'ya sun fara zaƙi, da kuma yanayin gari, ruwa ne ko ƙura ko zafi.

Wanda ya gane haka zai bar feshin nan na "duk ranar Asabar" da mutane da yawa ke yi ko sun ga ƙwaro ko ba su gani ba. Feshin nan kuɗi yake ci, kuma kamar yadda za mu gani a gaba, shi da kansa yakan jawo ƙwaron da ya fi wanda aka yi shi dominsa muni. Abin da ke biye tsari ne na wanda ya yi askin da zai kawo 'ya'ya wajen ƙarshen damina, tsakanin Satumba da Oktoba, don ya yanka a cikin hunturu zuwa farkon bazara. Idan naka askin ya faɗo wani lokaci dabam, ka matsar da lissafin.

Mataki na farko: ka koyi zagaye

Kayan aikin ba su da tsada. Gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, irin na masu gyaran agogo da waya. Kyamarar waya ma takan fisshe ka idan ka ja ta kusa. Farar takarda mai kauri ko farin faranti. Ɗan littafi da biro. Sai tarkon danƙo, rawaya da shuɗi. Idan ba ka samu na saye ba, ka yanka tsohuwar jarka rawaya faifai-faifai, ka shafa giris ko baselin, ka rataya daidai tsayin ganye.

Ka zaɓi kuranga 20 ka ɗaura musu tsumma don ka riƙa komawa kansu. Kada ka zaɓe su a wuri ɗaya. Wasu a bakin hanyar da babura ke tayar da ƙura, wasu ta ɓangaren da maƙwabci ya sa tumatir ko albasa ko barkono, wasu a tsakiya, wasu kuma a inda ruwa ba ya isa sosai. A kowace kuranga ka duba ganye biyar, ka juya bayansu, don kusan duk mai ɓarna a ƙarƙashin ganye yake zama. Ganye biyar sau 20 ya ba ka 100, ka ga duk adadin da ka samu ya zama kashi cikin ɗari ba sai ka yi wani dogon lissafi ba. Bayan ganye, ka kaɗa kan toho ko fure a bisa farar takarda ka ga abin da zai zubo, sannan ka dubi gindi ka ga ko tururuwa na hawa da sauka.

Da sassafe ake wannan, kafin rana ta ɗaga. Sau ɗaya a mako ya isa a yawancin lokaci, amma daga fitar toho har 'ya'ya su kama, ka yi sau biyu. Ka rubuta kwanan wata, kwana nawa ke nan da aski, abin da ka gani da yawansa, da yadda gari yake. Adadin mako ɗaya ba ya faɗa maka komai. Sai ka jera na makon jiya da na yau sannan za ka san ko abu hawa yake ko sauka. Shekara ta zagayo kuma, littafin nan ya fi maka shawarar kowane mai shagon magani, domin gonarka yake faɗi.

Mataki na biyu: ranar aski, ka bi ɓawo

Ranar aski ita ce ranar da kuranga take tsirara, babu ganyen da zai ɓoye komai. Idan ka bar ta ta wuce, ba ka ƙara samun irinta sai wani askin.

Wanda ake nema a nan shi ne farin ƙwaron nan mai auduga, da masana ke kira milibog. Ɗan mitsitsi ne, tsawonsa milimita uku zuwa huɗu, jikinsa lulluɓe da farin gari mai kama da kakin zuma, kuma da wuya ka ga yana tafiya. Ka kama tsohon ɓawon da ya saki a gindi ko a hannun kuranga ka ɓare shi. Idan yana nan za ka ga fari-fari a cikin tsaga, wani wurin kamar an cusa auduga. Audugar nan jakar ƙwai ce, kuma mace ɗaya takan zuba ɗaruruwa a ciki. A yanayi mai ɗumi wata ɗaya ya ishe su su tashi daga ƙwai zuwa masu yin nasu ƙwan. Ke nan daga aski zuwa yanka, iri huɗu ko biyar na iya biyo juna a kan kuranga ɗaya.

Mutane kan rikita shi da farar fumfuna da ke kama ganye da 'ya'ya lokacin sanyi. Gwajin mai sauƙi ne: ka murje shi da yatsa. Ƙwaro zai fashe ya bar maka ɗan ruwa ja-ja ko rawaya. Fumfuna gari ce kawai, ta goge ba ta bar jiƙa ba. Maganinsu dabam-dabam ne, kuma an sha zubar da kuɗi saboda rashin wannan murzar.

Ɓarnarsa kala uku ce. Yana tsotse ruwan kuranga, sabon toho ya murɗe ya tsumbure. Yana fitar da darɓa, ruwan nan mai zaƙi da danƙo, wanda baƙar fumfuna ke hawa kansa har ganye da 'ya'ya su yi baƙi kamar kunkunniya, kuma babu mai sayen nonon inabin da ya yi haka. Na uku, wasu ire-irensa suna ɗaukar cutar naɗewar ganye daga kuranga zuwa kuranga, cutar da ba ta da magani sai tumɓukewa.

Ga abin yi, bi da bi. Ka ɓare duk ɓawon da ya saki daga gindi har hannuwa, da hannu ko da tsohon buhu mai kaushi, ba tare da ka ji wa ɗanyen itacen ciwo ba. Ka shimfiɗa buhu a ƙasa ɓawon ya zuba a kai. Ka haɗa shi da rassan da ka aske da busasshen ganye ka fitar daga gonar ka ƙone a ranar. Tara su a gefen rumfa wai za a yi makamashi, ajiye wa ƙwaro masauki ne. Sannan ka wanke gindi da hannuwa da ruwan sabulu ko ruwan darbejiya, ka jiƙa su sharkaf yadda zai shiga kowace tsaga. Kurangar da ka samu ta cika da shi, ka ɗaura mata tsumma mai wani launi dabam. Daga ita zai sake ɓullowa, kuma sau da yawa kuranga goma ko ashirin ne kawai ke riƙe da cutar gona guda, ba sai an yi wa rumfa duka wanka da guba ba.

Sai tururuwa. Tururuwa da kiyashi kiwon ƙwaron nan suke yi: suna shan darɓarsa, suna kore masa maƙiya, har su ɗauki ƙananan su kai su sabon wuri. Duk inda ka ga layin tururuwa na hawa kuranga, bi layin da ido, a ƙarshensa za ka tarar da mai auduga. Ka naɗe gindi da leda mai faɗin tafin hannu, ka shafa giris a kan ledar, kada ya taɓa ɓawo. Ka yi wa ginshiƙan rumfa haka su ma, da duk wayar da ta sauko ƙasa, in ba haka ba za su zagaya. Ƙurar hunturu takan busar da giris ɗin cikin 'yan kwanaki, sai an riƙa sabuntawa. Ciyawar da ta yi tsawo har ta taɓa reshe ita ma gada ce, a nome ta.

A duba maƙwabta kuma. Irin mai auduga mai jan ruwa yana son dangin kuɓewa: kuɓewar kanta, yakuwa, rama da auduga. Shuka waɗannan a ƙarƙashin rumfa ko a jikin shinge don a samu na miya ba dabara ba ce.

Mataki na uku: daga toho zuwa kamun 'ya'ya

Mako ɗaya zuwa biyu bayan aski ido, wato ɗan ƙullin da toho ke fitowa a jikin reshe, zai fashe. A kwanakin nan ka lura da ƙananan ƙwari masu tsalle da tsutsa da fara da ke cin toho tun yana dunƙule. Idon da aka cinye nono guda ne ya tafi. Idan kaɗan ne, tsincewa da hannu da safe, lokacin da sanyi ya sa ba su da kuzari, ya wadatar.

Babban abokin gaban wannan lokacin shi ne ƙwaron fure, tirifs, wanda manoman albasa da wake suka san shi sarai. Siriri ne, bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, rawaya ko ruwan ƙasa. Ba ka ganinsa sai ka kaɗa fure a kan farar takarda, ka ga wasu 'yan siraran abubuwa na gudu. Kankare fatar ganye da ta 'ya'ya yake yi ya sha ruwan da ya fito. Sabon ganye sai ya ƙanƙance ya lanƙwashe gefe. Amma asarar gaske a kan 'ya'ya take. Wajen kwana 35 zuwa 45 bayan aski ake fure, kuma daga nan har 'ya'ya su kai girman ƙwayar wake fatarsu laushi gare ta. Ɗan kankarar da aka yi wa ɗa a lokacin ba ta ganuwa. Sai bayan wata biyu, da ya girma, tabon ya buɗe ya zama kirci mai kaushi ruwan ƙasa, wani ma ya tsage ta nan. A lokacin ne manomi ke rugawa shago neman magani, alhali mai laifin ya gama aikinsa tun tuni. Feshin da aka yi wa kirci ba ya goge shi.

Don haka makonni uku ɗin nan, daga gab da buɗewar fure zuwa kamun 'ya'ya, su ne lokacin tsaro. Ka kaɗa nono goma zuwa ashirin duk bayan kwana uku. Ka dubi tarkon shuɗi, shi ƙwaron fure ya fi so. Idan ka ga adadi ya ninka tsakanin dubawa biyu, ko kusan kowane nono ka kaɗa sai ya zubo da su, lokacin feshi ya yi. Yawansa kan tashi da ɗaukewar ruwa, don ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓe shi yana kuma kashe waɗanda suka sauka ƙasa don rikiɗa. Yana gama rayuwarsa daga ƙwai zuwa babba cikin mako biyu zuwa uku. Ranar da maƙwabci ya cire albasa ko ya nome ciyawa mai fure, ka zagaya washegari, domin waɗanda aka raba da abincinsu wurinka za su yo. Saboda wannan dalilin, kai ma kada ka nome ciyawar ƙarƙashin rumfarka a tsakiyar fure. Ka yi noman tun kafin, ko ka bari 'ya'ya su kama.

Mataki na huɗu: ƙura da zafi, lokacin jan gizo-gizo

Daga Nuwamba iskar hunturu ta fara, ganye ya yi ƙura, iska ta bushe. Da sanyin dare ya fara sassautawa wajen Fabrairu, zafi ya kama hanyar Maris da Afrilu, jan gizo-gizo ya samu abin da yake so. Shi ba ƙwaro ba ne irin sauran. Dangin gizo-gizo da kaska ne, ƙafa takwas gare shi in ya girma, kuma bai kai rabin milimita ba. Wannan bambancin yana da amfani a sani, domin yawancin maganin ƙwari ba ya kashe shi.

Alamar farko ɗigo-ɗigo ne fari ko rawaya a saman ganye, ƙanana kamar an tsattsaga da allura. Ka juya ganyen ka sa gilashi kusa da jijiya: za ka ga wasu ja, wasu kore-kore masu baƙin tabo biyu, ga ƙwai zagayayyu masu sheƙi, ga 'yar yana siririya. In ba ka da gilashi, ka kaɗa ganyen a kan takarda ka goga da yatsa. Jan zane zai fito. Idan aka ƙyale shi ganye ya koma ruwan tagulla, ya bushe, ya zube. Kurangar da ta rasa ganye lokacin da 'ya'ya ke tara zaƙi, inabinta tsami zai yi, rana kuma ta ƙone nonon da ya rasa inuwa.

Saurin haihuwarsa ne abin tsoro. A zafin da ya kai digiri 30, mako ɗaya ya ishe shi daga ƙwai zuwa babba, kuma mace takan yi ƙwai wajen ɗari a rayuwarta. Gonar da ka gani lafiya yau, bayan mako biyu tana iya yin ja. Daga bakin hanya yake farawa, da kuma kurangar da ƙishirwa ta kama.

Yanzu ga inda feshin Asabar ke cutar da mai shi. A kan ganyen inabi akwai masu cin jan gizo-gizo: wasu 'yan uwansa masu saurin gudu, masu siffar ɗigon ruwa, da ƙananan baƙaƙen ƙwari masu ƙoƙon baya, da tsutsar wani koren ƙwaro mai fiffike kamar raga. Magungunan nan masu araha da ke cike da kasuwa, irin su saifametirin da lamda-saihalotirin, suna share waɗannan tas, su bar jan gizo-gizo da ƙwansa. An fesa don ƙwaron fure a Nuwamba, an maimaita, an sake maimaitawa, zuwa Janairu gona ta yi ja, manomi ya ƙara wannan maganin dai da ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ba a ƙasarmu kaɗai aka ga haka ba; a yankunan inabi na Kalifoniya an daɗe da sanin cewa feshi mai kashe kowa da kowa shi ke tayar da wannan annoba.

Abin yi shi ne, da farko, kada kuranga ta yi ƙishi a watannin nan. Ka yayyafa ruwa a hanyar da ke gefen gona in da hali, ko ka kafa shingen zana ta ɓangaren da iska ke kawo ƙura. Ka rage yawan takin yuriya. Ganyen da ya sha shi ya yi laushi da duhu shi jan gizo-gizo da mai auduga suka fi ƙiba a kai. Sannan ka ƙirga: cikin ganyenka 100, nawa ke da shi, nawa kuma ke da masu cinsa? Masu binciken Jami'ar Kalifoniya ba sa ba da shawarar feshi idan ganyen da ya kamu bai kai rabi ba. A zafin bazararmu ni ba zan jira rabi ba idan adadin na ninkawa mako-mako kuma ban ga mai cinsa ko ɗaya ba. Amma idan masu cinsa na nan, ka ba su mako guda ka sake ƙirgawa.

Idan abin a gefe ɗaya yake, gefen kawai za ka yi wa. Fesa ruwa zalla da ƙarfi a bayan ganye da safe yana rage su sosai. Salfa, wato farar wuta, irin wadda ake damawa da ruwa, tana danne su, ga shi kuma tana maganin farar fumfuna. Sai dai tana ƙone ganye da 'ya'ya idan zafi ya haura digiri 32, don haka da yamma liƙis ake fesa ta, kuma ba a haɗa ta da maganin mai, ba a kuma bin ɗaya da ɗaya sai an bar mako biyu tsakani. Wasu ire-iren inabi masu jinin na Amurka ba sa jure ta, ka gwada a kuranga biyu tukuna. In ta kai ga maganin kanti, abamektin ne aka fi samu. Ba ya kashe ƙwai, shi ya sa ake maimaitawa bayan kamar mako ɗaya, kuma sai bakin famfo ya kalli sama ya jiƙa bayan ganye. 

Mataki na biyar: da 'ya'ya sun fara laushi

Wajen wata uku bayan aski 'ya'ya kan fara laushi da canza launi. A nan mai auduga yake barin ɓawo ya shige cikin nono, ya zauna a kan sandar tsakiya inda feshi ba ya kaiwa. Ka riƙa buɗe nono da yatsa kana leƙa ciki, musamman wanda ya jingina da gindi ko hannun kuranga ko ginshiƙi. Shi yake fara kamuwa. Tun nono na ƙarami ya kamata a gyara masa zama ya rataya shi kaɗai, a rage cunkoson 'ya'ya, a cire ganyen da ya manne masa don iska ta ratsa. Nonon da ya kamu sosai a yanke a fitar. Wanda ya ɗan taɓu, a wanke da ruwan sabulu kaɗan da buroshi mai laushi.

Zaƙi kuma na kiran baƙi: zanzaro, rina, ƙudan zuma, tsuntsaye da jemage. Ƙudan zuma ana ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ba ya huda lafiyayyen ɗa. Sai tsuntsu ko zanzaro ya fasa, ko ɗan ya tsage da kansa, sannan ya zo sha. Ka tsince fasassun 'ya'ya kullum ka binne, don warinsu ne ke kiran ƙananan ƙudaje da ke yaɗa ruɓa. Rufe nono da jakar takarda ko 'yar raga, ko rufe rumfa da raga gaba ɗaya, ya fi kowane magani a wannan lokaci. Gorar ruwa da aka huda gefenta aka zuba ruwan sukari da ɓawon 'ya'yan itace mai tsami takan kama zanzaro da faɗa-wuta. A rataye ta a gefen gona, kada a tsakiya.

Abin da ba a yi, ko da wasa: fesa fiya-fiya ko wani maganin sauro da kyankyaso a kan inabin da ya kusa yanka. Inabi da fatarsa ake ci, yara kuma suna cinsa, da marasa lafiyar da ake kai wa dubiya.

Damina

Ruwa na sauka, daga Mayu zuwa Yuni, jan gizo-gizo da ƙwaron fure sai su yi ƙasa da kansu. Damuwar damina cututtukan fumfuna ne, wannan kuwa wani zance ne dabam. Ƙwarin da za ka gani su ne masu cin ganye. Akwai ruwan ƙasan ƙwaro dangin buzuzu da ke fitowa bayan ruwan farko, ya ci ganye da dare ya bar shi huje-huje, da rana ka nema ka rasa. Ka fita da tocila bayan isha'i, ka girgiza reshe a kan kwano mai ruwan sabulu. Akwai wata ƙatuwar tsutsa mai ƙaho a wutsiya da tabo kamar idanu a gaba, mai iya cinye ganyen reshe guda. Baƙin kashinta a ƙasa ne ke tona ta, kuma tsincewa ta isa. Babbar kuranga tana jure asarar ganye kaɗan a damina. Sabon dashe ne abin tsaro.

Gara kuma ba ta da lokaci, sai dai ta fi matsawa da rani. Ta ginshiƙin itace da mataccen reshe take shigowa. Ka kankare duk ginin ƙasar da ka gani a jikin gindi, ka janye ciyawar rufe ƙasa taƙi guda daga gindin, ka cire mataccen itace, ka bi sawunta zuwa suri. Mai hali ya sa ginshiƙin siminti ko ƙarfe ya huta.

Idan feshi ya zama dole

Ka fara da mai sauƙi. Ruwan ƙwallon darbejiya: ka fasa busassun 'ya'ya ka fitar da ƙwayar ciki, kilo ɗaya ga ruwa lita 20. Ka daka, ka ƙulle a tsumma, ka jiƙa ya kwana, ka matse, ka tace sosai don kada ya toshe bakin famfo, ka zuba ɗan ruwan sabulu don ya kama ganye. Ranar za a fesa shi, da yamma, saboda rana na kashe ƙarfinsa. Ba ya zubar da ƙwaro nan take. Hana shi ci da girma yake yi, kuma a kan ƙanana ya fi aiki. Ana maimaitawa bayan kwana biyar zuwa bakwai. Mai auduga ma a ƙuruciyarsa ake samunsa, lokacin da 'ya'yan suka ƙyanƙyashe suna yawo ba su yi farin lulluɓi ba. Da ya lulluɓe, ruwan magani zamewa yake a kansa.

In za ka sayi na kanti, kada ka tsaya ga sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Ka karanta sunan sinadarin da ke ciki da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kwalba uku masu suna dabam-dabam na iya zama abu ɗaya. Wasu kwalabe suna ɗauke da lambar rukuni, wato lambar da ke haɗa magungunan da ke kashe ƙwaro ta hanya ɗaya: 3 ga su saifametirin, 4 ga imidakulofirid da tayametokzam, 5 ga sifinosad, 6 ga abamektin da emamektin. Kada ka yi rukuni ɗaya fiye da sau biyu a jere, don ƙwaron fure da jan gizo-gizo suna saurin sabawa da magani. Ka auna yadda takarda ta ce. Ƙarin murfi ɗaya "don ya ji" ganye yake ƙonewa. Kada ka fesa da tsakar rana ko cikin iska, kada kuma lokacin da ƙudan zuma ke kan furen ciyawa, musamman da 'yan rukuni na 4. Ka rufe hanci da baki, ka sa doguwar riga da takalmi, ka yi wanka bayan ka gama, kuma kada kwalbar ta koma gida a zuba mai ko ruwa.

Kowane magani yana da kwanakin da za a jira tsakanin feshi da yanka, a rubuce a jikinsa. Ka ƙirgo baya daga ranar da kake sa ran yanka, ka rubuta a littafinka ranar da za ka rataye famfo. Idan ka ga abin da ba ka gane ba, ka sa ganyen ko ƙwaron a leda ka kai wa malamin gona, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kafin ka sayi komai.

Sabon dashe

Mai auduga ba ya tafiya mai nisa da ƙafarsa. A jikin yankan reshe da dashen leda da kwandon ɗiba yake shiga sabuwar gona. Masu inabin Turai sun ɗanɗana irin wannan: wani ɗan ƙwaron saiwa mai suna filoksera ya shigo musu daga Amurka a jikin dashe wajen 1863, ya hallaka gonakin Faransa masu ɗimbin yawa, har sai da aka koma ɗaura inabin Turai a kan saiwar na Amurka. Shi ya sa irin da za a shigo da shi daga waje yake bi ta hannun hukumar killace tsirrai ta ƙasa, kuma wanda ya ɓoyo reshe a jaka daga tafiya bai kyauta wa maƙwabtansa ba.

Ko daga ƙauyen kusa ka sayo, ka je ka ga uwar kurangar da idonka, ka ɓare ɓawonta, ka dubi ganyenta ko yana naɗewa yana ja ba lokacinsa ba. Yankan da ka kawo ka wanke shi da ruwan sabulu, ka duba kowane ido da gilashi. Dashen leda kuma ka zare guda biyu ko uku ka dubi saiwa da wuyan gindi, ka ajiye sauran nesa da rumfa na mako uku kana dubawa kafin ka kai su rami.